Gimbiya a Rumbun Kawu Orval

A garinmu na bakin kogin Osage, in ka ambaci Orval Tackett sai a ce, "Au, mai kifi a rumbu?" Ƙanin mahaifiyata ne, makanikin injin kwale-kwale, mutum mai tsadar magana.

Shekarar da matarsa Verlene ta kwashe kayanta ta bar gidan, ambaliya ta yar da wata 'yar kifanya a kududdufin bayan garejinsa, irin wadda muke kira mai-cokali saboda dogon hancinta mai faɗi. Kawu ya gina mata kwarami na siminti mai kusurwa huɗu, ya raɗa mata suna Gimbiya.

Nan ya tafka kuskure. Mai-cokali ba ta tsayawa, kullum tafe take baki buɗe tana tace abinci daga ruwa, kuma ba ta iya shan kwana da sauri. Ta yi ta dukan kusurwa har hancin ya karkace hagu. Da Kawu ya gane, sai ya sauke rufin rumbun ƙarfen da mahaifinsa ke zuba masara, ya daɓe gindin da siminti, ya jawo ruwan kogi da famfo. Rumbu zagaye ne, ba kusurwa. Shekara shida tana kewayawa yana kallo.

"Orval, jama'a na zuba hatsi a rumbu, kai ka zuba amarya," in ji Burl, abokinsa tun yarinta.

"Ita dai ba ta da surutunka."

Mutane sun ce tausayi ne. Ni ban yarda duka ba. Inna Verlene ta taɓa ce min a waya, "Kawunki bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma shekara ashirin, ko gyaran gashi zan je sai ya kai ni ya zauna a mota yana jira. Numfashi nake nema, 'yar nan." Ina zargin Kawu ya samu wadda ba ta da ƙafar tafiya ne.

Gimbiya ta girma har ta kusa tsayina, gefen jikinta ya fara gogewa a bangon rumbu. Rannan muna cin soyayyen kifi da burodin masara na ce, "Kawu, rumbun nan don ita yake ko don kai?"

Ya daina tauna. "Haka bakin uwarki yake." Can ya ce, "In na sake ta, Maris na nan tafe."

Gaskiyarsa. Mai-cokali ba ta cin koto, don haka in Maris ya kama, mutanenmu manyan ƙugiyoyi suke ja a ƙasan kogi, duk wadda aka caka a jiki ta kamu.

Ya jira har aka rufe kamun a ƙarshen Afrilu. Shi da Burl suka ɗora ta a mota cikin kwamin shayar da shanu, suka lulluɓe da jiƙaƙƙen bargo. Da suka isa kogi, Kawu ya shiga ruwa har ƙirji, ya riƙe ta tana fuskantar igiyar ruwa, sai da ta yi fizga mai ƙarfi sannan ya buɗe hannuwansa.

"Ko sallama babu," in ji Burl.

"Me za ta ce min? Ni na karkata mata hanci."

Bara Inna Verlene ta zo bikin ƙanwata. Da za ta tafi na ga Kawu ya zaro makullin mota, ya dube shi, ya mayar aljihu. "Ki sauka lafiya," kawai ya ce. Ta daɗe tana kallonsa.

Duk Maris yanzu za ka same shi a bakin kogi inda ake auna kifin da aka kama, wai taimakon ɗagawa ya zo. Hanci yake dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu ke nan, bai ga mai karkata hagu ba.