Farfesan Guruf da Makarar Malam Haladu

Wata rana, da ƙarfe tara da kwata na safe, wani magidanci a Kazaure mai suna Nafi'u ya sa saƙo mai layi uku a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban firamarenmu.

Mahaifinsa ya rasu. Jana'iza bayan azahar. Ga kwatancen gida.

Mahaifin nasa shi ne Malam Haladu, wanda ya koya mana haɗa baƙi a aji biyu. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da alli.

Saboda shi aka buɗe guruf ɗin.

Da ya tsufa, Nafi'u ya ɗauke shi ya mayar da shi gidansa a sabuwar unguwa, can bayan gari, inda maƙwabta ba su san ko shi wane ne ba. Duk wanda ya je gaishe shi a cikinmu, magana ɗaya yake yi masa: ba ya son komai a wurinmu, illa ranar da ya mutu ɗalibansa su ɗauki makararsa.

Muka ce an gama, Malam. Mu ɗari biyu da sha biyu ne a guruf ɗin. Muka sa Nafi'u a ciki don ya riƙa sanar da mu halin da tsohon yake.

To, a cikinmu akwai wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai kai ba. Farfesa muke ce masa, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Aikinsa shi ne yawo a shafukan intanet yana yanko labarai yana jibgo mana.

Kafin ka gama shan koko ya turo wanda ya sauya sheƙa daga wannan jam'iyya zuwa waccan. Sai wayar da aka ce tana caja kanta da zafin aljihu. Sai duniyar da aka hango wai akwai ruwa a cikinta. Kana cikin mamaki, sai ga faɗan wasu mawaƙa biyu a kan wanda ya saci kiɗan wani, har kashi na huɗu.

Ƙarƙashin kowanne, kalma uku: "Yadda na samu."

Bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Na san haka domin ya taɓa turo labari da safe, da yamma ya turo wanda ya ƙaryata shi, kuma duka biyun ya rubuta musu "Gaskiya ne wannan."

Mutumin da ko fitilar gidansa ta mutu sai ya kira mai gyara, shi ne zai yi mana bayanin yadda ake harba kumbo.

Ya ishe mu. Kowa ya sani ya ishe mu.

Amma ya girmi yawancinmu, kuma tare muka tashi. Wa zai buɗe baki ya ce wa babban yaya ya rage? Shugaban guruf ya ce a yi masa kara. Ni na ce a yi masa kawaici.

Sai kowa ya bi ta bayan gida: muka kashe ƙarar guruf ɗin. Ni na shekara guda da kashewa, da hannuna. Mun mayar da wurin sanarwa juji, kowa ya toshe hanci ya wuce.

Mu koma safiyar nan.

Nafi'u ya tura saƙonsa, ya jefa wayar a aljihu. Ga masu wanka, ga likkafani, ga masu haƙa kabari, ga mahaifiyarsa tana kuka a ɗaki. A ransa mutum ɗari biyu sun ji, yanzu za su cika layin.

Tara da minti goma sha shida, Farfesa ya fara aiki.

Guda arba'in da bakwai ya turo kafin azahar. Wanda ya leƙa wayarsa a ranar ya ga jar lambar saƙonni ta taru a kan guruf ɗin, ya ga sunan da ke sama, ya yi tsaki ya wuce bai buɗe ba.

Ni ina kasuwa a lokacin, tafiyar minti goma sha biyar daga gidan. Ina zaune ina cin ɗanwake ake sallatar malamina.

Mutum goma sha tara ne suka tsaya masa. Ɗalibansa biyu ne a ciki, su ma a hanya suka ci karo da gawar.

Kun san yadda ake ɗaukar makara. Ka ɗan taka kaɗan, wani ya karɓe ka, kowa yana neman ladansa. A ranar babu mai karɓar wani. Nafi'u bai sauke kafaɗarsa ba tun daga ƙofar gida har bakin kabari, tare da maƙwabtan da wasunsu sai a maƙabarta suka tambayi sunan mamacin.

Washegari na ji, a bakin mai facin taya.

Na tafi gidan makokin. Na tarar da 'yan ajinmu sun cika tabarmi, kowa kansa a ƙasa, ana ta'aziyya da ƙaramar murya.

Sai ga Farfesa. Babbar riga, waya biyu a hannu, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Ya yi addu'a a gurguje, ya gyara zama, ya dubi Nafi'u kamar mai shirin yi wa yaro faɗa.

"Haba Nafi'u. A wannan zamani a yi rashi irin wannan ba ka sa a guruf ba? Da ni ka turo wa, cikin minti biyar duk ƙasar nan ta ji."

Nafi'u bai ɗaga murya ba.

"Na sa, Yaya. Kai ne na farko da ya buɗe."

Ya ciro wayarsa ya miƙa masa.

Sai da Farfesa ya yi ta jan allo sama, yana wuce 'yan siyasa, yana wuce mawaƙa, yana wuce wani mutum-mutumi mai soya ƙwai, kafin ya iso layi ukun nan. Wayar ta nuna waɗanda suka buɗe saƙon kafin azahar. Suna ɗaya ne a wurin, na Farfesa, tara da minti goma sha biyar.

Ashe tun da safen ya buɗe. Idonsa ya bi ta kai. Bai karanta ba, domin shi ba ya shiga guruf don ya ji, yana shiga ne don ya zuba.

Na zaci zai yi kuka, ko ya nemi gafara.

Sai kawai ya tambaya ko akwai hoton marigayin mai kyau, ya yaɗa.

Wallahi ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a wannan lokacin ba. Kuma da na waiwaya na ga fuskokinmu a kan tabarmar, rainin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Shi ya binne saƙon, mu kuma muka ba shi fili shekara da shekaru saboda kada a ce mun yi rashin kunya.

Da zan tafi, Nafi'u ya rako ni ƙofa. Na ga yana taɓa kafaɗarsa ta dama, ta kumbura. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya tare ni.

Ya ce ranar Laraba tsohon ya ƙara tuna masa cewa gaban makara na ɗalibansa ne, kada ya bari dangi su tare wurin. Shi ya sa da aka idar da salla ya roƙi liman a ɗan jira.

An jira mu minti ashirin a rana.

Darasi: Abin da ba ka karanta ba, kada ka tura. Turawa ba ilimi ba ce, kuma yawan labarin duniya a wayarka bai sa ka san abin da ke faruwa a bayan gidanka ba. Idan kuma akwai irin Farfesa a guruf ɗinku, ku faɗa masa a fuska tun yau. Ɓacin ransa na kwana biyu ya fi sauƙi a kan abin da muke ɗauke da shi yanzu.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu.

Ku tura wa wanda kuka san yana bukata, amma ku karanta har ƙarshe tukuna. Kuma don Allah, ba a guruf ɗin sanarwa ba.