Ƙararrawar da ke jiran a gama tatsa

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Isuhu, shugaban sakandaren ƙauyenmu na farko. Daga Guangzhou nake wannan rubutu, kuma raina a ɓace yake.

Da aka buɗe makarantar, 'ya'yan manoma ne kaɗai a ciki. Ba wanda ya buɗe baki ya hana yaran ruga, amma ana kaɗa ƙararrawa ne suna tsugune gindin shanu, kafin su iso an rufe ƙofa. Kawu ya ce ba za a ƙara kaɗa ta ba sai an gama tatsa. Dattawan gari suka yi ca a kansa, wai ya mai da makaranta ruga. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya ma zaunar da mu bibbiyu a benci, ɗan manomi da ɗan makiyayi. Ni da Bello, ɗan ruga, aka haɗa. Da farko ko kallon juna ba ma yi. Yau kwantena ɗaya muke cikawa da tufafin kasuwar Shahe ta nan Guangzhou, shi nake bar wa makullin ɗakina in zan je gida.

Bara aka rufe makarantar, aka haɗe ta da ta hedikwatar ƙaramar hukuma, wai ɗalibai sun yi kaɗan. Waɗanda suka sa hannu ba su taɓa taka hanyar ƙauyenmu da damina ba, balle su san yaushe ake tatsa. A can hedikwata da sanyin safiya ake kaɗa ƙararrawa, wanda ya makara ya sha bulala. Yaran ruga suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba jami'in da ya tambayi ina suke. Da Kawu na raye, da ya hau kekensa ya je ya tare musu a ofis har sai sun gaji da ganinsa.

Nakan lallashi kaina cewa aikinsa bai mutu ba, tunda ga ni ga Bello. Sai ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci Bello ya ja ni gefe. Na riga na san ɗansa Sambo ya bar karatu ya koma kiwo.

"Shanunmu sun shiga wata gona," in ji shi. "Rigima ta kaure, Sambo ya fasa wa ɗan mai gonar kai da sanda."

Na ce subhanallahi, ɗan wa?

"Ɗan ƙaninka. Wallahi bai san shi ba, ko sunansa bai sani ba."