Tanon da Baba Ya Zo da Shi Daga Arewa

Shekaru masu yawa Baba ya yi yana tuƙa kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, a ramin uraniyom, can arewa. Da ya ajiye aiki ya dawo gida kusa da Agiye, kayansa ba su wuce akwati biyu ba, sai wani tano, wato babbar gangar ƙarfe mai kauri, da ya saya wurin masu tsofaffin ƙarafa a garin ma'aikata. Ya kafa shi a tsakar gida, ya ce daga yau nan za a riƙa zuba ruwan sha. Randunan Inna aka tura su lungu.

Duk baƙon da ya shigo sai ya sha ruwan tano, kuma sai ya sha labari. Baba zai zayyana masa yadda kamfanin ke fasa dutse, a niƙa, a mai da shi gari rawaya, a kai bakin teku. Can Turai, in ji shi, da garin nan ake tafasa ruwa a manyan tashoshi, tururi ya juya inji, wuta ta kama birni guda. "Ni nan da kake gani, ni na haska ƙasar Nasara," haka yake rufewa. Yawanci yana faɗi muna fifita, don tun hantsi an ɗauke mana wuta.

Lokacin ina koyarwa a lakol, kullum da safe nakan bar 'yata wajen Inna. Ba ta jima da yaye ba. Wata rana na ji a rediyo ana cewa tsofaffin ƙarafan da suka fito daga wajen haƙar uraniyom, wasu na ɗauke da abin da ke cutar da jiki a hankali. Ba ya wari, ido ba ya ganinsa, sai da na'ura. Na nufi wurin Baba.

"Baba, tanon nan me aka taɓa zubawa a ciki?"

"Mi ya dame ki da abin da aka zuba? Sau ukku na wanke shi da sabulu da toka."

"Ba irin dauɗar da toka ke fitarwa ba ce."

"Ku 'yan lakol kun cika tsoro. Ni da na ci ƙurar wurin, ga ni daram." Ya ɗebi moɗa guda ya shanye a gabana, har da gyatsa.

Na je likita na tambayi malamin jinya ko suna da na'urar awo. Ya dube ni kamar na nemi jirgin sama. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ban san ko tanon na da wani abu ba, kuma ba ni da hanyar sani. Shi Baba kuwa rashin hujjata ya zama hujjarsa.

Sai na fara zuwa da ruwan yarinya a bido, wato jarka. Kwana biyu na dawo na tarar yana ba ta na tano da hannunsa, wai na bido ya yi zafi, jikarsa ba za ta sha ruwan wanka ba. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa mahaifina murya. Na ce muddin tanon nan yana gidan, ba zan sake kawo ta ba. Fuskarsa ta canza, kuma wallahi na ji tausayinsa. Duk wahalar arewa, wannan ƙarfen kaɗai ya rage masa yana nuna wa mutane.

"To, ɗiyata. Na ji."

"A kai shi daji, Baba, a haƙa rami a binne."

"Na ce na ji."

Ranar kasuwa tano ya ɓace. Inna ta fito da randunanta, ni kuma hankalina ya kwanta. Wautata ce. Na manta cewa a garinmu ba a binne ƙarfe, ko gwangwanin tumatir sai an sama masa aiki.

Bayan mako biyu na biyo daga lakol da tsakar rana, na miƙa wa yarinya ƙosan da na sayo mata, na tambayi Baba a wane daji ya binne, don kada wani ya yi shuka a wurin.

"Binnewa kuma? Ƙarfe mai kauri haka? Allah ma sai ya tambaye ni. Maƙeri na kai ma, ya fidda kaskon suya har ukku." Ya gyara zama, yana jin daɗin kansa. "Ko ɗaya ban bari gidan nan ba, kamar yadda kika ce. Sadaka na yi da su. Babban ma yana wurin mai ƙosan ƙofar lakol ɗinku."

Na juya da sauri. Yarinya ta cinye, tana lasar yatsu.