Mai Yanke Gindin Kwando

Ga shi tsaye gaban mai kwanduna a kasuwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, dogo har rumfa na shafar hularsa, usur rataye a wuya, ƙwallon fata a hammata. Kowa ƙarfin gindin kwando yake dubawa, shi kuwa faɗin baki yake aunawa da ƙwallonsa. Ya zaɓi mafi kyau, ya ce wa mai kwandunan da Larabci, "Ya ammi, baffa, yanke mini gindin."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Bawan Allah, sabon kwando? Wannan ai almubazzaranci ne."

Ya juyo da Hausar Sakkwatawa. "Hajiya, ƙwallon kwando ni ka koya ma ɗalibban kwaleji. Zoben ƙarfenmu ya karye, gobe 'yan Jidda za su taho. In babu wasa, mudiri, shugaban makaranta, ya ce in kama gabana."

Muryarsa a dishe take. Ina jin wajen lallashin iyayen da ke ganin abin shiririta ne ta ƙare.

Da aka yanke gindin, ya rataya kwandon a ƙusa can sama, ya ja baya, ya ɗan durƙusa, ya saki. Ƙwallon ya zurma ya faɗo ƙasa, ko baki bai taɓa ba. Wallahi ni mai faɗan, ni na fara cewa ya sake.