Muryar Hajiya a Kicin ɗin Maman Blessing

'Yan uwa, yau saura ƙiris a kira fasto saboda ni!

Abban Hanif ya sayo sifikar nan da ake yi wa magana ta amsa. Ya ce kar in taɓa sai ya taso daga ofis, wai ba zan iya ba. Ni? Yana fita na haɗa ta da wayata. Don gwaji na kunna saƙon muryar da Hajiyarmu ta turo min jiya. Shiru! Na ƙure ƙara. Shiru!

Sai ga maƙwabciyata Maman Blessing ta faɗo falo da ludayi a hannu, ko takalmi babu.

"Maman Hanif, aljani ya shiga sifika na! Ina dafa kifi, wani tsohuwa ya ce, 'Ke, rage gishirin nan, so kike ki kashe mijinki?'"

Faɗan Hajiya ne! Ashe sifikarsu irin tamu ce, wayata tasu ta kama.

Nan take na cire tasu, na haɗa tamu, na sa wa kowacce suna daban. Yanzu a duk gidan namu, Injiniya ake kirana!

Da la'asar Maman Blessing ta leƙo. "Injiniya, ki gaida Hajiya. Na ɗanɗana, gishiri ya yi yawa da gaske."