Barewar Yaya Boel

A ƙauyenmu na kudancin Sweden, lokacin da muke 'yan mata, ba a kai amarya coci a kan tsuran katako. Sai ta ɗinka matashin zama da hannunta, dogo mai ɗaukar mutum biyu, ta ƙawata shi da zaren ulu, a ƙarshe ta sa haruffan sunanta da shekarar auren a gefe. Ranar biki a shimfiɗa shi a keken doki, matan gari su jeru a bakin hanya suna auna tarbiyyar amarya da ɗinkinta.

Yayata Boel ta fara nata tana da shekara goma sha tara, a makon da Jeppa ɗan maƙeri ya nemi aurenta. Sauran 'yan mata sukan gama a hunturu ɗaya. Ita kuwa ta ɗauko baƙin yadi ta zauna jikin taga, daji ya fara tsirowa a cinyarta. Ga jajayen dawakai, ga tsuntsayen da suka fi dawakan girma, ga furanni sun haura kan itatuwa, ga wata barewa mai ruwan ƙasa ita kaɗai a gefe. In tana ɗinki ko kiranta aka yi ba ta ji. Kunu ya sha ƙonewa a murhu, dinyoyinmu sun sha shiga gonar maƙwabta. Wata rana na tarar tana warware aikin mako uku, na ce me ya faru?

"Barewar nan ba ta son wurin," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ruwa take nema, ni kuma ban yi mata rafi ba."

Jeppa yakan zo duk ƙarshen girbi da hularsa a hannu, ya leƙa ya ga inda aka kwana.

"Boel, mazaunai ne fa za su hau kansa, ba idanu ba."

"To ka bari naka su ƙara haƙuri, ai ba sa tsufa."

Ya yi dariya ya tafi. Haka shekara ta biyu, haka ta biyar. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ni kam haushi ya sha cika ni, don na san tana son mutumin nan. In ta ji ƙarar maƙera daga nesa, allurarta takan bi bugun gudumarsa. Amma ta fi sabawa da dajin da ke cinyarta fiye da gidan da ake kiranta ta shiga.

A shekara ta tara ya zo babu raha. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Bana ne, ko kuwa babu. Ko a kan buhun hatsi ne zan ɗauke ki."

Ta dube shi, ta dubi yadin. "Saura kaɗan, Jeppa."

Kafin dusar ƙanƙara ta narke aka sanar a coci zai auri Gunnil, marainiyar da ke tatsar shanu a wata gona. Hannuwanta duk kanta, ba ta taɓa riƙe zaren ado ba. Saura kwana huɗu biki sai ga ta a gidanmu, tana murɗa gefen zanenta.

"Yaya Boel, an ce ke kin iya. Ko tsohon yadi ne ki taimaka min da shi, kada a yi min dariya a hanya."

Na buɗe baki zan kore ta, Boel ta ce, "Sissa, miƙo min jan zare." Abin da ya gagare ta shekara tara, a kwana uku ta rufe shi. Ta cusa masa gashin dinya, ta ɗinke bakin, ta sa haruffan sunan Gunnil da shekarar. Na yi kuka ina zaginta, tana jan allurarta kawai.

Ranar bikin a ƙafa muka bi keken. Ango da amarya sun danne dajin duka, sai gefe ɗaya ya leƙo daga ƙarƙashin rigar Gunnil. Matan bakin hanya, waɗanda suka san hannun kowa, suka bi matashin da kallo. Jeppa bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Boel ta rayu har shekara saba'in da shida, ba ta yi aure ba, ba ta kuma ɗinka wani matashin ba. Sau ɗaya tak ta yi min maganarsa, a ranar ne, muna tafe cikin taɓo bayan keken. Ta kama hannuna, idonta a kan gefen nan da ya leƙo.

"Sissa, kin ga barewar? Ƙafarta ɗaya ta fi tsawo. Da sun ƙara min mako guda."