Sha Takwas Ɗin Baba Lawali

Ina cikin sauke buhunan masara a kasuwar Gusau Sanusi, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallonmu, ya tsaya da mashin. Bai ko kashe shi ba ya ce, "Basiru, Baba Lawali ya cika da asuba." Na aje buhun, na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Daga nan ban san abin da na ƙara cewa ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ni ne na ƙarshen zuwa cikin yaran Baba Lawali, don haka a yi mini haƙuri da abin da zan faɗa. Daga Kucheri na zo neman aikin ƙarfi, ban san kowa ba. Wata la'asar na bi ta wani fili, na ga samari na gudu da ƙwallo mai siffar ƙwai, suna kama ta da hannu, suna naushinta, suna bugu da ƙafa. Sanduna huɗu a kowane gefe, kuma babu gola. Na tsaya ina dariya. Wani dattijo mai farin gemu ya ce, "Kai dogo, dariya kaka yi ko shiga?" Shi ne Baba Lawali. Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. A Ostareliya ya yi karatun kiwo yana saurayi, can ya koyo wasan, ya dawo ya koya ma yaran Gusau da na Furfuri.

Ranar farko na jefa ƙwallon da hannu biyu kamar mai miƙa kabewa. Kowa ya fashe da dariya, ban da shi. Ya kama hannuna ya dunƙule, ya nuna mini yadda ake naushinta. Da aka tashi ya tambaye ni inda nake kwana. Na ce rumfar kasuwa. Washegari aka share mini zauren gidansa, Hajiya Inno matarsa tana aiko mini da tuwo. Bai taɓa faɗa ma kowa ba. Yakan ce, "Wanda ya kwana da yunwa ba ya tsalle." In wani ya riƙe ƙwallo shi kaɗai kuma sai ya ce, "Ba gadonka ba ce, miƙa ta."

Ya rasu ana shirin wasa da yaran Furfuri a Bungudu, bai fitar da mutum sha takwas da za su buga ba. Bayan addu'ar bakwai muka taru a fili, sai rigima. Kowa gaba yake so, wurin ci. Wasu suka ce a bi shekaru, manya gaba, ƙanana baya. Mudi, mai bugu daga nesa, ya ce, "To sai a ɗauko kakana, ya fi kowa cancanta." Wani ya ce masa, "Ko kakan naka ya fi ka gudu." Wasa-wasa har mutum biyar suka ɗauki takalmansu za su tafi. In ƙungiyar ta watse, ni ba ni da kowa a garin nan.

Sai Sanusi ya ce kowa ya zauna, za a yi yadda Baba ke yi. Ni ban taɓa gani ba. Ashe Baba ba ya tambayar mutum inda yake so ya tsaya. Gefe yake jan ka, ya ce, "In ƙwallo ta kuɓuce maka, wa kaka so ya kasance kusa da kai?" Ba ka da ikon faɗin sunanka. Da amsoshin yake jera mutane, masu tsaro, 'yan tsakiya, 'yan gaba, kowa kusa da wanda ya yarda da shi.

Haka Sanusi ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na ce Mudi, don in na faɗi shi ke ɗaga ni, ko da yana zagina. Da aka gama, Sanusi da kansa ya koma baya, don masu tsaro shi suka nema. Sannan ya ce, "Mai tsallen tsakiya, Basiru." Wato ni zan yi tsalle in doko ƙwallo in alƙalin wasa ya jefa ta sama. Na ce ko kuskure ne, ni da ban gama gane dokokin ba. Mudi ya ce, "Mu muka ce kai, raƙumi. Doko ta kawai, muna ƙasa."

Ranar Asabar za mu Bungudu, mu sha takwas, babu wanda ya tafi.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Lawali, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Yadda ya ba baƙo wurin kwana, Ka ba shi masauki a Aljanna. Ka ba Hajiya Inno da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsare musu abin da ya bari. Mu kuma da ya tara, Ka bar mu tare. Amin.